KAREN BANA SHI KE MAGANIN ZOMON BANA: HORON KWIKWIYO TUN DAGA GIDA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Ciyawa ta bushe, sanyi ya fara sauka. Yanzu ne samari ke gyaran kere da gora, kowa yana yabon karensa. Ni dai tambaya biyu gare ni. In ka kira karenka yana tsakiyar gudu, yana dawowa? In ya kama zomo, yana sakar maka? In amsar a'a ce, to zamna mu yi magana, don ni ma na taɓa zama a inda kake.

ABIN DA YA SAME NI

Shekara 6 da suka wuce na samu wani baƙin kwikwiyo, na sa masa suna Duna. Ban koya masa kome ba sai kalma guda, "kama". Yara suna cuna shi ga ƙadangare, suna cuna shi ga kaji, mu manya muna dariya. In ya yi ɓarna sai in kira shi, in ya zo in doke shi. Da ya shekara, babu karen da ya fi shi gudu a unguwarmu. Ranar da na fara kai shi daji ya kama zomo, ya shige cikin sabara da shi. Na yi kira har muryata ta dushe. Da na iske shi, kunnuwa da ƙafafu kaɗai suka rage.

Bayan wata biyu ya kashe ɗan akuyar maƙwabcina. Aka kai magana gaban maigari, na biya jika 12. Kuɗɗin ba su dame ni ba kamar kunyar. Ni ne mai koya ma manya karatu, ga shi na kasa koya ma karen gidana ladabi.

Cikin ɗalibaina akwai wani tsohon mafarauci, ya haura shekara 60. Bayan an tashi karatu na kai masa kuka. Ya yi dariya, ya ce: "Malam, ranar da na fara zuwa nan, jarida ka miƙo mini ka ce in karanta?" Na ce: "A'a Baba, da a da i da u muka fara." Ya ce: "To kai kuwa jarida ka miƙa ma karenka."

Daga nan muka yi musaya. Ni ina koya masa baƙaƙe, shi yana koya mini kare. Da abin da na koya wurinsa, da abin da na tambayo likitan dabbobi, na hori karyata ta yanzu, Guguwa. Shi ne zan faɗa muku.

KOWANE KARE DA BAIWARSA

A ƙasarmu akwai karen da duniya ta sani, wato karen Azawak. Asalinsa kwarin Azawak ne, arewa da Tawa har cikin Mali. Buzaye na ce masa oska. Siriri ne mai dogayen ƙafafu. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 60 zuwa 74, nauyinsa kilo 15 zuwa 25. Da ido yake farauta, da gudu yake kamu. Tun shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai. Karnukan ƙauyukanmu na kudu ba su kai shi tsawo ba, amma su ma da ido da gudu suke aiki, kuma suna jure zafi da ƙishirwa.

Turawa kuma suna da wani iri da suke kira ritiriba, ma'ana mai ɗauko abu ya kawo. Wanda aka fi sani shi ne Labarado. Kakanninsa karnukan masunta ne na wani tsibiri a Kanada. An kai su Ingila cikin shekarun 1800, aka rubuta irin a littafin masu kiwon karnuka na can a 1903. Aikinsa ba kora ba ne. Yana zamne kusa da mahalbi, sai an halbo tsuntsu, a ce masa je ka. Sai ya ɗauko shi ko a ruwa ya faɗa, ya kawo hannun ubangijinsa bai tauna ba.

Labarado gashi ne da shi mai kauri, bazararmu tana wahal da shi, kuma yana da tsada. Ba shi nake ce ku nema ba. Dabarar horonsa ce za ta yi mana amfani. Masu shi ba sa nuna masa tsuntsu sai ya iya zo, zamna, tsaya da saki a cikin gida. Abin da Baba ya gaya mini ke nan, shi da bai taɓa ganin Labarado ba.

ZAƁEN KWIKWIYO

Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63. Ƴaƴan suna buɗe ido bayan kwana 10 zuwa 14. Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa sai ya yi sati 8. A wurin uwa da ƴan'uwansa yake koyon sassauta cizo.

Ka fara duban uwar. In tana jin kira, ba ta cizon mutane, alama ce mai kyau. Sa'an nan ka dubi ɗan: ido garau, hanci babu majina, fata babu ƙazuwa. Ka jefa tsumma a gabansu. Wanda ya bi shi ya ɗauka a baki yana yawo da shi, shi ne naka. Wanda ya ɓuya yana rawar jiki, horonsa zai yi wuya.

CI DA LAFIYA

Wasu na cewa kare mai yunwa ya fi farauta. Ba gaskiya ba ne. Yunwa ɓarawo take mai da shi, shi ne mai cinye zomo kafin ka iso. Ƙaramin kwikwiyo yana bukatar ci sau 3 ko 4 a yini. In ya yi wata 6, sau 2 ya isa. Tuwo kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa masa da ɗan nono, dafaffen wake, guntun nama ko kifi. Kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke hanji. Barkono da sauran haɗe-haɗen da ake ba kare don ya yi zafin rai ba sa ƙara masa kome sai ciwon ciki.

Ya samu kaskonsa na ci da na ruwa, kada ya sa baki a ƙwaryar mutane. Ya samu inuwa. Duk kwana biyu ko uku a duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, a cire kaska. A nemi maganin tsutsar ciki wurin likitan dabbobi, don kusan kowane kwikwiyo da ita yake tasowa.

Makiyaya da mahauta, ku ji wannan. In kun yanka dabba kuka ga hanta ko huhu da ƙulli-ƙulli masu ruwa, kada ku jefa ma kare. Ku ƙone ko ku binne da zurfi. In kare ya ci, tsutsa tana girma a cikinsa, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya koma ga tumaki da mutane. Yara su riƙa wanke hannu da sabulu bayan sun yi wasa da kare.

Da ya cika wata 3, a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar haukan kare. A adana takardar, a tambayi ranar da za a maimaita.

SABO DA DABBOBIN GIDA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga sati 3 zuwa sati 12 ne kwikwiyo ke saurin sabo. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci, ba ya tsoronsa, ba ya kuma ɗaukarsa nama. To da ka kawo shi gida, ka riƙa zagawa da shi wurin kaji, awaki, jaki da yara, yana ɗaure da igiya. In ya dube su ya kau da kai, ka yabe shi. In ya zabura, ka tsai da shi da igiyar, ka janye shi.

Ka tara yaran gida ka gargaɗe su: ba a cuna shi ga kaza, ba a cuna shi ga kyanwa, ba a cuna shi ga almajiri, ko da wasa. A nan ne na ɓata Duna.

DOKOKIN HORO GUDA BIYAR

1. Horo gajere ne. Minti 5, sau 2 ko 3 a yini, kafin a ba shi abinci.

2. Kalma guda, aiki guda. In ka zaɓi "zo", kowa a gidan "zo" zai ce. Kada wani ya ce "taho", wani ya ce "yaka".

3. Lada nan take. Kare ba ya haɗa abin da ya yi ɗazu da abin da ka yi masa yanzu. Da ya yi daidai, ka miƙa masa ɗan ƙuli-ƙuli ko guntun nama, ka shafa shi.

4. Kada ka taɓa kiransa don ka doke shi. In ka yi haka, ka koya masa cewa zuwa wurinka wahala ne.

5. A tashi da daɗi. In ya kasa sabon abu, ka koma ga wanda ya iya, ka yabe shi, ku tashi.

KALMOMIN FARKO

ZO. Ka durƙusa, ka kira sunansa, ka ce "zo" sau ɗaya. In ya zo, lada. Ka fara a ɗaki, sa'an nan tsakar gida, sa'an nan bayan gari da igiya mai tsawon gaba 5 ko 6. In ya ƙi, ka jawo igiyar a hankali, in ya iso ka yabe shi duk da haka. Kada ka kwance igiyar sai ka kira sau 10 ya zo sau 10. Abin wuyansa ya zama mai taushi, yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya.

ZAMNA. Ka riƙe ladan a saman hancinsa, ka kai hannunka baya wajen ƙeyarsa. Zai ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa. Da ya sauka ka ce "zamna", ka ba shi.

TSAYA. Yana zamne, ka nuna masa tafin hannu, ka ce "tsaya", ka ja taki ɗaya baya, ka dawo ka ba shi. Gobe taki biyu. Kullum ka sa ya zamna ya jira kafin ka ajiye kaskon abinci.

BARI. Ka ajiye guntun abinci a ƙasa, ka rufe da tafin hannu. Zai shinshina, zai tona. Ka yi shiru. Da ya ja baya ka ce "bari", ka ba shi wani daga ɗaya hannun. Wannan kalma ita ce za ta ceci akuyar maƙwabci, ta raba shi da maciji da mushe.

KAWO DA SAKI

Ka cusa tsummoki cikin tsohuwar safa, ka ɗaure bakinta. Wannan ita ce zomonsa na koyo. Ba abin wasa ba ce, in an gama a rataye ta inda ba ya kaiwa.

Ka nemi lungu, kamar tsakanin danga da rumbu, inda ba shi da hanyar fita sai ta wurinka. Ka jefa safar taki 3 ko 4. In ya ɗauka, ka tafa hannu ka ce "kawo". In ya iso kada ka fizge. Ka shafa shi tukuna, ka sa hannu ƙarƙashin bakinsa, ka nuna masa lada da ɗaya hannun. Da ya buɗe baki ka ce "saki".

Jifa 2 ko 3 sun isa, ka tsaya tun yana marmari. In ya gudu da safar kada ka bi shi, don zai ɗauka tsere kuke yi. Ka juya ka yi gudu nesa da shi, zai biyo ka. Kada kuma ka yi ja-in-ja da shi, wannan ke sa kare ya riƙa danne nama yana yagawa.

Tsakanin wata 4 da wata 6 kwikwiyo yana famfara. Haƙoran nono 28 suna zuba, manya 42 suna fitowa. Bakinsa yana ciwo. In ya ƙi ɗauka a lokacin, ka ƙyale shi, ku ci gaba da sauran kalmomi.

Bayan famfara, ka naɗe safar da busasshiyar fatar zomo, ko ka ɗaure mata gashin zabo. Ka ja ta a ƙasa da igiya, ka ɓoye ta bayan kalgo, ka kawo shi farkon sawun ka ce "nema". Haka hancinsa zai koyi aiki, ba ido kaɗai ba. Kada ka taɓa koya masa da kaza mai rai.

Gaskiya ita ce ba kowane karenmu ne zai kawo nama har hannu ba, don ba a kan haka aka gina irinsu ba. Guguwa tana kawo fakara da kurege. Zomo kuwa danne shi take yi ta jira ni. Wannan ya ishe ni. Abin da ba a sassautawa shi ne "saki".

Wannan ya shafi halaccin naman ma. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta yi maganar kamun dabbar da aka hora. Malamai sun bayyana horarre da cewa shi ne wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ka ambaci sunan Allah lokacin da kake sakinsa. In ka iske naman da rai, ka yanka. Sauran bayani ka nemi limaminku.

FITA DAJI

Ranar farauta akwai ganga, ƙaho, ihu, wani lokaci da bindiga. Karen da aka firgita da ƙara sau ɗaya yakan daɗe yana tsoro. Ka sa wani ya buga tsohon kwano daga nesa lokacin da yake cin abinci. Kullum a matso kaɗan. In ya bar ci ya noƙe wutsiya, an yi kusa da yawa, a koma baya.

Daga wata 7 ko 8 ka riƙa yawo da shi gonaki, ya saba da ƙaya da warin daji. Amma gudu mai tsanani sai ya shekara, don ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Fitar farko kada ta zama ta taron gari. Ku tafi kai da abokinka mai tsohon kare mai ladabi. Kwikwiyo yana kwaikwayon babba, na kirki ko na banza.

In ya kama, ka isa wurinsa a natse, ba da ihu ba. Ka ce "saki", ka yanka, ka sa a burgami. Rabonsa daga hannunka zai fito, a dafe, bayan kun koma gida. Ta haka yake gane cewa nama ta wurinka yake biyowa.

Ka fita da sanyin safiya, ka riƙe masa ruwa. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafi. In ka ga harshe ya zazzago, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka jiƙa masa ciki da ƙafafu, ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In kun dawo ka cire masa ƙarangiya da tsidau.

HAUKAN KARE

Karen farauta yana gamuwa da dila da karnukan da ba su da mai su, shi ya sa allurarsa ta zama dole. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cikin 10, kusan 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan duka ta cizon kare suke kamuwa.

In kare ya sake hali, yana dalala, yana cizon icce da dutse, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada kowa ya taɓa shi. A sanar da likitan dabbobi. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi likita a ranar. Kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Allura tana aiki ne kafin ciwon ya bayyana. In ya bayyana, da wuya a tsira.

DAJI AMANA NE

Tsofaffinmu suna ba da labarin barewa a bayan gari. Yau yaro sai ya girma bai ga ko ɗaya ba. A ranar 29 ga Afrilu 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 a kan farauta da kiyaye namun daji. Akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai takardar izini, akwai namun da ba a taɓawa ko kaɗan, kamar raƙumin dawa. Akwai kuma wuraren da aka keɓe, irin gandun Gadabeji na Dakoro, wanda aka kafa tun 1955. Kafin ku fita ku tambayi ma'aikatan gandun daji ƙa'idar bana. Kada a sa ma daji wuta don zomo guda, ciyawar nan ita ce abincin bisashe har damina. Da damina kuma a bar namun daji su hayayyafa. Karen da ke jin "bari" shi ne ake iya hanawa ya bi abin da doka ta hana.

Guguwa yanzu shekararta 3. Tana kwana kusa da turken awaki, kaji suna kiwo a gabanta. Da damina ita ke korar kurege daga gonar gyaɗa. Baba kuwa yana rubuta sunansa da na ƴaƴansa, ya kuma ce in an buga wannan shi zai karanta da kansa.

Wanda ke da kwikwiyo, kada ya jira ranar farauta, don ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da marece, kafin ka ajiye masa kasko, ka durƙusa ka kira sunansa. Waɗanda suka iya karatu su karanta ma waɗanda ba su iya ba. In a garinku akwai wata dabara da ban ambata ba, ku rubuto, mu ƙaru da juna.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya da maƙwabta.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, jihar Maraɗi